Albasar Kawu Nomau A Ƙasar Holan

Tun ranar da na dawo ban huta da tambaya ba. A makaranta, a ƙofar masallaci, a gindin dalbejiyar da muke zama bayan La'asar a Gwadangaji, duk wanda ya gan ni sai ya ce, "Garba, yaya ƙasar Turawa?" In na ce lafiya lau, a ce na cika rowar labari. In kuwa na ɗauko shi daga tushe, kafin in kai Sakkwato an kira Magariba. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta shi gaba ɗaya, wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, bakina ya huta.

Ni ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje ne a wata makaranta nan Birnin Kebbi. Aikina wanke kwalabe, haɗa sinadarai, da hana ɗalibai ƙone girarsu. Wata rana takarda ta zo cewa wata jami'a a ƙasar Holan za ta karɓi mutum ɗaya irina ya yi mako shida yana koyon aiki da wata na'ura. An ce kowa ya rubuta abin da yake son aunawa. Abokan aikina suka rubuto manyan sunaye na cikin littafi. Ni kuwa na rasa abin cewa, sai na rubuta albasa, na ce ina son in ga abin nan da ke sa mutum hawaye. Ashe shugabar ɗakin gwajin can, wata mata da muke kira Dokta Marika, ta daɗe tana bin sawun wannan abu. Ta amso da layi biyu: ka zo, ka taho da albasarku.

Kafin in je neman fasfo sai da na je Gulma sallama. A can na girma, a hannun Kawu Nomau, yayan mahaifiyata. Kawu yana da wani irin albasa da ya gada daga mahaifinsa, ƙarama, ja wur, mai tauri, mai yajin da in ana yanka ta a tsakar gida na zaure ma sai ya sani. Duk Gulma shi kaɗai ya rage da irin. Gwiwa ta hana shi sunkuyo, ya miƙa garkar ga babban ɗansa Arzika, shi kuwa Arzika ya ce bana sabon iri zai zuba ko'ina, mai manyan kai, wanda masu lori ke wawa a kansa. Kawu ya ce sabon nan ruwa ne zalla, ba ya kai damina a rudu, wato rumfar karan da ake ajiye albasa. Arzika ya ce wa ya ce zai ajiye ta har damina. Abin da ya sa maganar ta yi nauyi shi ne irin albasa ba ya jimiri. Wanda ke cikin gorar Kawu na bara ne, in ba a yafa shi ƙarshen daminar nan ba, ya mutu ke nan.

Ina tsakiyar wannan gardama bakina ya ja mini. Na ce ai inda za ni akwai na'urar da ba a ɓoye mata komai.

Kawu ya gyara zama. "Wagga na'ura da kaka hwaɗi, tana iya sanin albasa ta ƙwarai?"

Na ce, "Sarai, Kawu." Allah ya sani, a lokacin ko hotonta ban taɓa gani ba.

Arzika ya ce, "To, mu yi haka, gaban kowa. In takardar Turawa tac ce ta Baba ta hi, rabin garka nashi na, ni da kaina za ni yahwa mishi. In ba ta ce ba, shi bar ni in yi nomana."

Kawu ya ce ya yarda. Aka shafa Fatiha, aka ce za a jira ni.

Kawu da kansa ya zaɓo goma sha biyu daga rudu, Arzika ya kawo goma sha biyu na sabon iri daga ɗan abin da ya rage cikin wanda ya gwada bara. Na ɗauko wuƙa zan share musu saiwa da busasshiyar ƙasar da ke manne, Kawu ya buge mini hannu. Ya ce albasar ajiya ba a tuɓe mata riga, kuma a bar ƙasar, Turawa su ga irin lakar da ta haife ta. Muka jera su a kwali muka ɗaure da igiyar kaba. Da zan tashi ya tura wasu guda uku a aljihun babbar rigata, ya ce in mota ko jirgi ya tayar mini da zuciya in fasa ɗaya in shaƙa.

Ruwa ya cika fadama a watan, sai da muka yi wani wuri a kwale-kwale kafin mu kama hanyar Argungu, ina rungume da kwali. A tashar Argungu direba ya ce kwali sama za shi. Na ce sai dai ni in hau sama shi ya zauna. Haka na riƙe shi a cinya har Sakkwato. Wani dattijo mai sayar da fata da ke gefena ya tambaye ni ina zuwa, na gaya masa. Ya dubi kwalin, ya dube ni, ya ce, "Yanzu duk ƙasar Turawa babu albasa sai ka kai musu?" Ya yi ta ba kowa labari a motar, har wata mata a baya ta ce in ana saye da tsada in yi mata magana.

Kwana huɗu na yi a Sakkwato kan neman fasfo, ina hawa benen ma'aikata ina sauka. Wanda zai sa hannu ya tafi taro, wanda ke riƙe da hatimi ya tafi jana'iza. Daga nan Kano, daga Kano jirgi. Ba zan yi muku ƙarya ba, da ya ɗaga na karanta duk abin da na haddace, har da wanda ba na tafiya ba. Amma zuciyata ba ta tashi ba, don haka ban tuna da aljihu ba.

Mun sauka da hantsi. A wurin binciken kaya wani ma'aikaci dogo, mai ladabi ƙwarai, ya kwance igiyar kaba a hankali, bai yanke ta ba. Ya ɗauki albasa ɗaya, ya kankare ƙasar da farce a kan farar takarda, ya kira wani. Suka tambaye ni takardar lafiyar tsiro. Na nuna musu wasiƙar Dokta. Suka ce wannan gayyata ce, ba izni ba. Suka yi mini bayani cewa su ma manoman albasa ne, kuma abin da suka fi tsoro shi ne cutar da ke zuwa cikin ƙasa da saiwa. Na roƙa da Turanci, na roƙa da Hausa, na ce a wanke, a fere, a bar mini ko rabi. Mutumin ya ce ya yi baƙin ciki, kuma na ga alamar da gaske yake. Ya naɗe igiyar kaba ya miƙo mini, kwalin kuwa ya shige ciki da shi. Kilishin guzurina ma ya bi su.

A jirgin ƙasa na zauna ina kallon taga ban ga komai ba. Ina ta tunanin da na share ƙasar nan ko da sun bari. Har yau ban sani ba.

Masaukina gidan wata tsohuwa ce gwauruwa, ɗaki a sama, matakala tsaye ƙiƙam sai ka haɗa da hannu. Ta nuna mini gado, ta nuna mini lokacin cin abinci a rubuce a jikin ƙofa, ta fita. Na cire babbar riga na jefa a kujera, sai na ji wani abu ya bugi katako, ƙwal. Na sa hannu. Albasa uku, ja wur. Na zauna a bakin gado ina riƙe da su, hawaye suka zubo mini, kuma ban yanka ko ɗaya ba.

Washegari na fara ganin garin. Abu na farko, keke. Mu nan mai keke talaka ne ko malamin firamare. Can shugabar jami'a ma keke take hawa, da jaka a baya, ruwa na dukanta. Na biyu, ruwa. Ƙasarsu fadama ce gaba ɗaya, an ce wani wurin ma teku ya fi ta tudu, sun yi ganuwa sun tare shi. Ko'ina magudana, cike fal, kwance lumui. Ni ɗan ƙasar Argungu na tsaya a kan gada ina duba, ba taru, ba homa, ba gorar masunta, ba kowa a ciki. Raina ya yi ta ƙaiƙayi. Na uku, gaisuwa. Kalma ɗaya ce, ana tafe ana yin ta. Ranar farko na tsaya ina tambayar tsohuwar gidanmu kwana da gajiya da iyali, ta ɗauka wani abu ya lalace a ɗakina. Kuma ba a zuwa gidan mutum haka kawai. Sai an duba littafi an ba ka rana, ko da ɗanka ne. Da farko na ga abin rashin zumunci ne. Daga baya na lura ranar da suka ba ka taka ce, ba mai katse ku, kuma ba a ce maka an fita alhali ana ciki.

Abinci kuwa, Allah ya ba mu haƙuri. Da rana burodi da cuku, da sanyinsa. Da yamma dankali. Gobe burodi da cuku, da yamma dankali. Wata rana Pit, dattijon da ke kula da injunan ɗakin gwaji, ya ce tunda ni mutumin kifi ne zai kai ni in ci na garinsu. Muka je wata rumfa a bakin ruwa. Aka miƙo kifi ɗanye, an barbaɗa masa yankakkiyar albasa. Pit ya kama wutsiya ya ɗaga kai ya zura. Na ce ina wuta? Ya ce ai gishiri ya dafa shi. Na ci albasar na bar kifin, ita ma albasar ba ta da ko yaji, sai zaƙi-zaƙi.

Dokta Marika 'yar siririya ce, mai furfura, ba ta da yawan dariya kuma ba ta da faɗa. Da na gaya mata abin da ya faru, da yadda ukun suka tsallake ba da sanina ba, ta ce za ta sanar da hukuma, kuma duk ɓawon da ya rage a tanda za a ƙone shi. Ta kai ni ɗakin na'urar.

Ga masu tambayata kamanninta: ta cika ɗaki guda. Bututun ƙarfe ne dogo mai lanƙwasa, da wani ƙaton maganaɗisu a gwiwarsa, da famfuna suna ta gurnani ba dare ba rana. Ni Sikeli na sa mata suna, har Pit ya kama. Aikinta auna nauyin ƙwayoyin sinadari, waɗanda ido ba ya gani. Ana shigar da abu ta wani siririn baki, a ɗora wa ƙwayoyinsa cajin lantarki, a harba su cikin bututu. Maganaɗisu ya karkatar da su, marasa nauyi su karkata da yawa, masu nauyi kaɗan. A ƙarshe alƙalami ya zana tsini a kan takarda, kowane tsini da lambar nauyinsa. In ana shakkar wane ne, sai a sa masa ɗan iskar gas a hanya ya yi karo ya farfashe, a auna gutsattsarin, a gane shi ta wurinsu.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne dalilin famfunan. Zuƙe iska suke yi daga bututun har ya zama babu komai a ciki. Dokta ta ce akwai sinadaran da ba sa daɗewa, da zarar sun haɗu da iska ko ruwa ko ɗan'uwansu sun rikiɗe sun zama wani abu. Ba a iya zuba su a kwalba a ajiye. Amma a cikin bututun nan babu wanda za su gamu da shi, don haka suna rayuwa har su kai wurin awo. Na albasa yana cikinsu. Ta ce a cikin lafiyayyar albasa ma babu shi. Abubuwa biyu ne a ɗakuna dabam-dabam, sai wuƙa ta rushe bangon su haɗu su haife shi, ya tashi ya shiga ido, jim kaɗan ya watse. Nauyinsa casa'in. Na daɗe ina juya wannan magana, cewa abin da muka san albasa da shi ba ya cikinta sai an ji mata rauni.

Mako uku na yi ina koyo kafin a taɓa albasar Kawu. Na koyi maɓallai, na koyi haƙuri da famfo, na ɓata takarda mai yawa. Ukun suna aljihun rigata a rataye, kowace safiya sai na matsa su in ji ko sun fara laushi. Ba su yi ba.

Ta farko mun bi hanyar da suka saba. Aka markaɗa ta a ɗakin gefe, aka tace da wani ruwan sinadari mai sanyi, aka kawo, aka ɗura. Tsini suka fito birjik, amma a casa'in ɗan ƙwarya-ƙwarya ne kawai. Dokta ta ce waɗannan jikokinsa ne, shi ya riga ya wuce. Saura biyu.

Ta biyu Pit ya haɗa wani siririn bututu mai shaƙar iska kai tsaye. Aka yanka albasar a kan katako a tebur, da safar hannu, aka ɗora a faranti, aka taka taku shida zuwa bakin bututun. Tsinin ya ɗan ɗaga, amma bai rabu da hayaniyar da ke gefensa ba. Dokta ta ce ba za ta iya rantsuwa a kansa ba. Saura ɗaya, saura mini kwana tara.

Kwana biyu ba mu taɓa ta ba. Suna ta zanen yadda za a kawo tebur kusa, amma bakin bututun yana wani lungu tsakanin maganaɗisu da bango, katako ba zai shiga ba. Ina tsaye ina kallon lungun sai na ce, to me ya sa sai da katako? Suka juyo. Na ce a garinmu ba mai yanka albasa a kan katako. A tafin hannu ake riƙe ta, a saman tukunya, a sassara ta da wuƙa tsaye da kwance, a shafto, tana faɗawa cikin mai kai tsaye. Hannu kuwa zai shiga lungun.

Pit ya ce sam. Wuƙa tana fuskantar tafin hannu, a ɗakinsa? Ya ce akwai doka. Na ce Innata ta shekara hamsin tana yi, yatsunta goma cif. Ya ce Innata ba ta aiki a ƙarƙashinsa. Dokta ta sa aka sayo albasar kanti, ta ce in nuna. Na sassare ta tas kafin Pit ya gama gyara tabarau. Ya karɓi hannuna ya juya shi gaba da baya, ya ajiye akwatin magani a kusa, ya ce shi dai bai gani ba.

Muka fara da tasu. Na durƙusa a lungun, na yanka a bakin bututun, tsini ya tashi a casa'in, tsaf, kowa ya gan shi. Pit ya yi fito. Sa'annan na ciro ta Kawu. Na yi bisimilla a fili, ban damu da wanda ya ji ba. Wuƙa na shiga, alƙalamin ya zabura ya haye har ya bugi ƙarshen takarda ya tsaya yana rawa. Dokta ta ce in ci gaba, in ci gaba, ta rage ƙarfin na'urar, ta buɗe gas ɗin karo, gutsattsari suka fito inda ake jiran su. Ni ban ga ko ɗaya ba a lokacin, idona ya rufe. Da na fito daga lungun na tarar Pit ya cire tabarau yana share fuska da gefen riga, Dokta tana rubutu hawaye na ɗiga a kan littafinta, ba ta ko tsaya gogewa ba.

Na yi murna ranar, murna ta gaske. Da yamma na same ta a ofis na ba ta labarin Kawu da Arzika da gora, na ce ina roƙon ta rubuta mini layi biyu cewa wannan albasa ta fi.

Ta ce, "Ta fi wace?"

Na ce sabon irin.

Ta ce, "Ba mu auna shi ba. Yana wurin masu binciken kaya. Mun gwada ta da albasar kantinmu, wadda aka noma a wata ƙasa, da wani ruwa. Kuma guda ɗaya muka auna."

Na ce amma ta ga yajin.

"Na gani, na ji a idona. Zan rubuta cewa tana fitar da wannan sinadari da yawa ƙwarai. Amma kawunka ba yaji yake gardama a kai ba, ajiya yake magana. Mai yiwuwa ne su biyun suna tafiya tare, ni ma ina zaton haka. Sai dai zato ne. Kafin in sa hannu sai an noma su gefe da gefe, an ajiye, an ƙirga wadda ta ruɓe, shekara biyu ko uku."

Na ce irin ba zai kai shekara biyu ba. Ta ce ta sani, kuma abin ya dame ta. Ta ba ni takardar zanen da wasiƙa mai faɗin abin da muka gani, ba ƙari. Na fita ina jin haushinta, na yi kwana biyu ina gaishe ta da kalma ɗaya irin tasu.

Dawowa ba ta da labari sai abu ɗaya. Daga Kano har Sakkwato, daga Sakkwato har Argungu, lissafi guda nake yi: duk Gulma ba mai iya karanta takardar nan sai ni. Ga tsini biyu, ɗaya gajere ɗaya har ya fita takarda. In na ɗora yatsa na ce wannan ta Kawu ce, wannan kuwa ɗaya albasar, ban ma yi ƙarya ba, na dai bar su su fahimci abin da suka ga dama. Arzika mutum ne mai cika alkawari. Rabin garka, iri ya tsira, tsoho ya ji daɗi, wa aka cuta? A tashar Argungu na sayi soyayyen kifi mai zafi, wanda na yi mako shida ina mafarki, na ci ban ji ɗanɗanonsa ba.

Na isa Gulma da hantsi. Ruwa ya janye, mutane sun fara gyaran fangalin yafi. Aka shimfiɗa tabarma a zaure, aka yi gaisuwa irin tamu mai tsawo, wadda a ranar na so ta fi haka tsawo. Na warware takardar a gaban Kawu da Arzika. Kawu ya ɗora yatsa a kan dogon tsinin da kansa, ya ce, "Wagga ita ta tawa?"

Na ce ita ce. Fuskarsa ta washe. Arzika ya sunkuyo ya dubi gajeren.

Da na yi shiru a nan, shi ke nan. Amma na tuna Arzika ya zaɓo nasa goma sha biyun da hannunsa ya ba ni amana, kamar yadda Kawu ya ba ni. Na ce, "Gajeren ba naka ba ne, Arzika." Na faɗa musu komai, tun daga ƙasar da ke jikin saiwa har maganar Dokta. Na ce na'urar ta shaida yaji, ba ta shaida ajiya ba, kuma ni ne na yi cika baki tun farko a kan abin da ban sani ba.

Arzika ya ce a hankali, "Da ka ce ta hi, wallahi da na yarda. Ba ni iya karanta ta."

Na ce na sani.

Kawu ya daɗe yana kallon takardar. Ya ce, "Wato ba ta ce ba."

"Ba ta ce ba, Kawu."

"To. Magana anka yi gaban mutane." Ya dubi ɗansa. "Tahi ka yi nomanka, Allah shi sa albarka." Arzika ya buɗe baki zai yi magana, Kawu ya ɗaga masa hannu. Ya naɗe takardar da kansa ya miƙo mini. Ban taɓa jin kunya da baƙin ciki sun haɗu mini irin na wannan lokaci ba.

Da zan tafi bayan Azahar na shiga ɗakinsa sallama. Ya sa na miƙo masa gorar daga rataye. Ya girgiza ta a kunne, ya ce, "Shekara biyu ko ukku tac ce, gehe da gehe?" Na ce haka ta ce. Ya ce, "Akwai rijiya makarantarku?" Na ce akwai famfo a bayan ɗakin gwaji. Ya tura mini gorar a ƙirji.

Na ce, "Kawu, rabona da garka tun ina firamare."

Ya ce, "Kai ka iya hwaɗin gaskiya, sai ka koyi ban-ruwa."

Yanzu haka akwai fangali huɗu a bayan ɗakin gwaje-gwajenmu, biyu na Kawu, biyu na sabon iri da na roƙa wurin Arzika, ya ba ni har da buhun taki. Na kewaye su da ƙaya saboda awakin ma'aikata. Bayana yana ciwo, tafin hannuna ya yi kanta. Na Arzika sun fito tun kwana shida, kore shar. Na Kawu shiru, har na fara zuwa da safe ina tona gefe da tsinke. Ranar kwana na goma sha ɗaya na tarar da su, 'yan sirara, a lanƙwashe, kansu bai gama fita daga ƙasa ba. Ba su kai rabin abin da na yafa ba, amma sun fito.

Na aika wa Kawu ta bakin wani direban Argungu. Jiya ya tsaya a ƙofar makaranta, bai ko kashe mota ba, ya leƙo ya ce tsoho ya ji, ya yi hamdala. Na ce bai ce komai ba kuma?

Ya ce, "Ya ce a hwaɗa maka ka rage ruwa. Albasar tashi ba ta son gata."